Siginar Hagu a Kwanar Ɗanzomo

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Motar ta iso. A bayan babbar mota aka ɗauko ta daga Abuja, fara sol. Abdulmuhaimin, autan 'ya'yana maza, ya cika alkawari: ya ce na gama bin layin gidan mai, rana ce za ta riƙa ba ta caji daga solar da ya kafa min bara. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Da aka shigo da ita gida sai da kazar maƙwabciyata Ummulkhair ta kusa shiga ƙarƙashinta.

Na yi kuka, amma a ɗaki.

Ɗantsoho ya zagaya ta sau uku, hannu a baya, kamar mai tayin saniya a kara. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a gidan nan, tun Marigayi maigidana yana da rai, bai taɓa ko goge fenti ba. Ya shiga ya zauna, ya laluba bayan sitiyari, ya sake lalubawa. "Hajiya, ina hannun sigina?" Wanda ya kawo ta ya yi dariya ya nuna masa wasu maɓallai biyu a jikin sitiyarin, ɗaya na hagu ɗaya na dama, da babban yatsa ake dannawa. Ɗantsoho ya ce to, Allah ya sa alheri. Ban so yadda ya faɗe ta ba.

Talata, 8 ga Yuli

Matan unguwa sun zo gani. Har wadda ba ta zo min gaisuwar Marigayi ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Maigatari, wajen Yaya Sumayya. Ranar kasuwa na zaɓa, da gangan, ba sai na yi wa littafina ƙarya ba.

Muna isa kwanar gidanta, ga motocin shanu ga mutane, kawai mutumin nan ya sauke gilas ya zura hannunsa waje yana kaɗawa. A motar lantarki! Zafi da warin kashin shanu suka cika min mota. Na ce Ɗantsoho lafiya? Ya ce ya danna na hagu bai kama ba, sai a na biyu, shi kuma ba ya son ya karya kwana a makance.

Na ce wannan ba motar itace ba ce, ya rufe min gilas.

Laraba, 16 ga Yuli

Ya sake. Yau a cikin Gumel, gaban 'yan adaidaita, har wani ya yi mana fito. Ya ce Hajiya abin nan wata rana yana yi, wata rana ba ya yi, a kira yaron a faɗa masa.

Na kira. Abdulmuhaimin ya yi ta dariya. "Mama, motar da ba ta yi wata ɗaya ba? Yatsan Baba Ɗantsoho ne ya yi kanta, ya saba da murɗa ƙarfe. A hankali ake taɓawa." Na ji daɗin amsar. Ita nake so dama. Ban ce masa a turo wani ya duba ba, ina jin kunyar a ce ya yi min abin arziki ni kuma na fara tsegumi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na ce masa in na ƙara ganin hannunsa a waje ya ajiye min makullina. Ya kalli sitiyari ya ce, "To, Hajiya."

Asabar, 26 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun tafi duba riɗi a gonar Ɗanzomo da hantsi. An yi ruwa jiya. Wajen da ake sauka daga kwalta a yi hagu, ya rage gudu, ya karya. Ban ga komai ba, ƙarar kawai na ji a jikin ƙofarsa. Mai mashin ne, ya zo wuce mu. Ubale sunansa, daga rugar da ke bayan gari, da galan biyu na madara a ɗaure. Madara ta malale a kwalta. Cinyarsa ta karye, ina ganin yadda ƙafar ta juya.

Ɗantsoho ne ya ɗauke shi da hannunsa ya sa a motar, muka kawo shi asibiti. Duk hanya bakinsa abu ɗaya: "Na danna. Wallahi na danna."

Gilas a rufe yake. Wannan na gani.

Litinin, 28 ga Yuli

An zauna a zauren mai garin Ɗanzomo. 'Yan uwan Ubale mutanen kirki ne, ba su ce a kai ga hukuma ba, sun ce dai a san yadda aka yi. Masu shayi biyu da ke bakin kwanar suka ce fitila ba ta kama ba. Ɗantsoho ya ce ya danna. Mai gari ya juyo wajena: "Hajiya, ke ce a ciki."

Na ce ban ji ƙaran nan na ƙyat-ƙyat da sigina ke yi ba. Gaskiya ce.

Da ma a nan na tsaya. Amma wani dattijo ya ce ko motar ce, waɗannan na zamani ba a san kansu ba, mutane suka fara gyaɗa kai, sai na ji raina ya ɓaci. Na ce mota sabuwa ce dal, ɗana ya saya a kamfani. Na ce, "Shekaru ne. Dama kwanan nan hannunsa ba kamar da ba."

Ban ce ya yi min ƙorafi sau biyu ba. Ban ce ni na hana shi fitar da hannu ba. Shi ma bai ce ba. Ya ɗaga babban yatsansa ya kalla, ya mayar cikin aljihu.

Na ɗauki jinyar Ubale, aka yi fatiha, kowa yana ta sa min albarka.

Laraba, 30 ga Yuli

Ɗantsoho ya kawo makulli da kansa, har da lasin ɗinsa, wai in ajiye ko in ƙona. Na ce ai ban kore ka ba. Ya ce, "Ba ki kore ni ba, Hajiya. Wanda hannunsa zai ce ya yi abu alhali bai yi ba, bai kamata ya ɗauki rai a mota ba."

Na ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ni ce na faɗi haka.

Litinin, 4 ga Agusta

An gyara ƙofar motar. Ba a ko gane wajen.

Juma'a, 8 ga Agusta

'Yata Nana Firdausi ta zo hutu daga Kano, ita ta ja ni Gagarawa Tasha gaisuwar rasuwa. Yarinyar da ta tashi da waya a hannu, yatsunta kamar auduga.

A hanyar dawowa za ta wuce wata motar gero, ta danna. Shiru. Ta sake. Shiru. A na uku ya kama. Na ce a raina kuskure ne. Da muka zo shiga layinmu ya sake yi mata, wannan karon ina kallon yatsan nata a kan maɓallin, har ya yi fari don dannawa.

Ta tsayar da mota a ƙofar gida ba ta kashe ba. "Mama, Baba Ɗantsoho ya taɓa faɗa miki wannan?"

Na ce ta shigar da mota, la'asar na wucewa.

Asabar, 9 ga Agusta

Ban faɗa wa kowa ba. Wataƙila zafi ne ya taɓa maɓallin jiya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ba zafi ba ne. Abdulmuhaimin ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Kamfanin ya aiko wa duk wanda ya sayi irinta da saƙo: maɓallin sigina na wasu yana ƙin kamawa, a daina hawa, za su zo su ɗauka su canja. Ya ce, "Mama, ashe Baba Ɗantsoho..." bai ƙarasa ba. Ya ce zai kira shi ya ba shi haƙuri. Na ce a'a, ya bar min, ni zan same shi da kaina.

Na faɗa ne don kada ya kira. Ɗana dariya kawai ya yi a waya, daga Abuja. Ni ce na buɗe baki a zaure.

Talata, 19 ga Agusta

Na je duba Ubale. Ƙafar na haɗuwa. Matarsa A'i ta ce sun yafe wa tsohon, tsufa ba laifi ba ne. Na ce haka ne.

A hanyar gida daga cikin adaidaita na hango Ɗantsoho wajen tasha, a ƙafa, da leda a hannu. Da, in ya bi ta nan direbobi tashi suke su ba shi benci, shi ke raba musu gardama. Yau ta ɗaya gefen titin ya bi. Na ja mayafi na rufe fuska. Ni, Ummukulsum, shekara sittin da biyu.

Na yi ta shirya maganar. Kullum in na kai wajen "ni na hana ka" sai ta watse.

Juma'a, 22 ga Agusta

Sun zo sun ɗauki motar. Maƙwabta na ce musu sabis za a yi mata.

Nana Firdausi tana gaishe ni, tana kawo min abinci, shi ke nan. Ba ta zama.

Lahadi, 24 ga Agusta

Sunan jikar Ɗantsoho, 'yar ɗansa Hussaini. Ba yadda zan yi in ƙi zuwa, ni na yi wa Hussainin kayan aure. Na shiga wajen mata na zauna a ƙurya.

Kyauta, matar Ɗantsoho, ta ja ni ɗakinta wai in ci abinci a natse. Ta rufe ƙofa ta fashe da kuka. Ta ce Malam ba shi da lafiya amma an rasa ciwon. Ya je an auna jininsa, an duba idonsa, an ce ƙalau. Ya je wajen mai magani a Sule Tankarkar an ba shi na shanyewar jiki yana sha. Zai zauna a tabarma ya yi ta danna gwiwarsa da yatsa yana kallo, wai yana gwadawa ko yana jin maganarsa.

"Hajiya, kwana bakwai da haihuwar yarinyar nan bai ɗauke ta ba. Yau da safe bayan an raɗa suna aka miƙa masa, ya mayar da hannuwansa baya. Wai kada ya zaci ya riƙe ashe bai riƙe ba."

Ta ce in yi masa magana, yana jin tawa.

Ban ci abincin ba. Na yi nadama, irin wadda ban taɓa yi ba, kuma ba ta da wani amfani a wajensa muddin tana cikina.

Litinin, 25 ga Agusta

Na sa mayafi sau biyu na cire.

Talata, 26 ga Agusta

Na je da safe. Yana soro a kan buzu. Ya yunƙura zai tashi na ce ya zauna, na zauna a dakalin da ke fuskantarsa. Duk abin da na shirya ya gudu, sai na faɗe shi yadda yake: maɓallin ne. Kamfani ya amsa laifinsa, sun ɗauke motar. Ya yi wa Nana Firdausi a gabana. Hannunka lafiyarsa ƙalau.

Ya ɗaga babban yatsansa ya kalla. Sai ya ce, "Ashe na danna."

Na ce ka danna.

Ya sake faɗa, a hankali, ba da ni yake ba. Sannan ya ɗago. "Yaushe kika sani, Hajiya?"

Kalmar "jiya" ta zo min har baki. Ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce yau kwana goma sha takwas.

Ya kawar da kai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ya yafe min, na ce makulli na nan in motar ta dawo. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, maganar makulli kuma bai taɓa ta ba, ni ma ban maimaita ba. Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya: "Kyauta! Miƙo min yarinyar nan."

Ta kawo ta a cikin zani, tana kallona tana kallonsa. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a ƙirji. Bai ƙara duba inda nake ba. Na yi sallama, Kyauta ce ta amsa.

Da na dawo na ce wa Nana Firdausi ta nemo mana motar haya, jibi za mu Ɗanzomo, kuma ta kira ta ji ko mai gari na nan. Ta ce ai riɗin bai isa yanka ba. Na ce na sani.