Littafin da Na Buɗe ta Dama

Zuwa ga aminina Malam Bitrus, a duk garin da aikin koyarwa ya kai ka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kai da iyali baki ɗaya. Mu ma nan Fagge lafiya lau. Bayan haka, kada wannan rubutu mai kama da sawun kaji ya ba ka mamaki. Ni ne Bukar tela. Na shiga ajin manya na koyi boko, gemu ba ya hana ilimi.

Har yanzu in la'asar ta yi sai in ga kamar ga ka nan tafe daga Sabon Gari a kan kekenka, littattafan zanen nan na 'yan leƙen asiri a hammata. Ka zauna kan buhun ƙyallaye kana juya mini Turancin zuwa Hausa, ni kuwa idona na kan allura. Ban taɓa kallon shafi ba, muryarka ta ishe ni. Ina taka keken ɗinki, amma rabina yana can wata ƙasa mai hazo, ina bin wani mai malafa a baya.

Ka cika mita a kan ƙananan nan masu bangon takarda. Damina ɗaya gam ya saki, kyankyasai su cinye saura. Kullum cewa kake: "Littafin da ba a ɗinke ba, baƙo ne."

Ranar da za ka tashi ka kawo mini babban, wanda aka haɗa labari guda cikinsa. Bangonsa kwali ne mai tauri, an lulluɓe shi da shuɗin yadi. Na duba ɗinkin gindinsa da idon tela ban sami abin kushewa ba. Ka ce wannan ba ka ba ni labarinsa ba tukuna, in riƙe shi sai ka dawo.

Haƙuri ya gaza, na buɗe. To, ka san ɗan makarantar allo, ta dama na buɗe, yadda aka koya mini tun ina yaro. Na ga mutum kwance a bakin gada cikin dusar ƙanƙara. Sai ga shi tsaye. Ya shiga jirgin ƙasa, ya hau na ruwa, ya cire gemun ƙarya. Daga ƙarshe ga shi a ƙofar wani gida, abokinsa ya rungume shi. Wallahi na ji daɗi, na ɗauka saƙo ka bar mini. Shekaru na yi in na ji kukan jirgi sai in share buhun nan.

Ranar farko a aji, malaminmu ya ɗaga littafi ya nuna mana cewa boko ta hagu ake fara shi. Na koma shago na buɗe naka ta hagu. Ashe rungumar nan ban kwana ce, Bitrus. Mutumin ya tafi ne, kuma a bakin gadar ya ƙare. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni nawa duhun ya fi mini daɗi.

Ban ji haushinka ba, kewarka dai nake yi. Turancin ciki har yau ban iya ba, kuma ɗan maƙwabcina ya ce zai karanta mini na ƙi. Hoto ba ya faɗin komai da komai. Wa ya sani ko mutumin suma ya yi? Kai kaɗai nake so ka gaya mini, ina ɗinki kana magana.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa wannan takarda ta same ka da rai da lafiya. Allah ya juyo mini da tafiyarka ta dama.

Naka har kullum,
Bukar Tela, Fagge.