Sa Hannun Baffa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mutanen gida da ma'aikatan gareji, don haka aka koya mana, ba don raina ya so ba.

Wasiƙar ƙanwarmu ta same ni jiya. A tsaye na karanta ta, a ƙofar ɗakin ƙanƙarar da nake jera kwalayen kifi a nan ƙasar waje shekara huɗu ke nan. Ta ce 'yata ta ci jarrabawar makarantar gwamnati ta masu hazaƙa, yara dubu suka zauna aka ɗauki arba'in. Ban gama hamdala ba sai na ga layi na gaba: wai da hagu ta rubuta zagaye na biyu, saboda kai ka karya mata dama da ƙarfen jak.

Na san ba haka kawai ba. An ce ɗanka, da ya faɗi tun zagayen farko, ya tsoma katin jarrabawarta cikin bokitin baƙin mai, ita kuma ta fasa masa goshi da sifana. Ba ta kyauta ba, da ina nan ni zan fara marinta. Katin ma malaminsu ya samo mata wani. Amma Yaya, shekararta goma sha ɗaya. Ka ja ƙofar gareji ka sa sakata, ƙanwarmu tana dukan ƙofa tana kiran sunanka, ba ka tsaya ba sai da ƙashi ya yi ƙara?

Tun rasuwar uwarta sunanka na rubuta a matsayin mai kula da ita. Takardar karɓar gurbi sa hannunka take jira zuwa ƙarshen wata, in babu a ba na bayanta. Fasfona na kulle a teburin manaja, ka san ba zan iya zuwa ba. Wataƙila hakan ya fi mana, don tun jiya in na ɗauki ƙugiyar jan kwali fuskarka nake gani.

Ka sa hannu. Na bar ka lafiya.

Ƙaninka

*

Mai kifi,

Wa alaikumus salam. Muna nan ƙalau, har da mai ɗinki shida a goshi, wanda ba ka tambayi jikinsa ba.

Ka taho da ƙugiyar taka, gareji a buɗe yake. Hannu ya wuce min, ban musa ba, kuma a kafaɗata na kai ta asibiti. Amma kai ne za ka yi min wa'azi? Kana tsammanin a kwana uku ta koyi rubutu da hagu? Bahaguwa aka haife ta. Wa ya ɗaure mata hagun a ƙafar kujera da igiyar shanya tana 'yar shekara biyar, yana zabga mata rula a yatsu har farce ya fita? Ina tsakar gida ina wankin hannu, ina jin ihunta. Da na yi magana ka ce 'yarka ce.

Takarda tana cikin aljihun rigar aikina. Ga sharaɗina: ta zo gareji, inda ta zubar da jinin, ta durƙusa gaban ɗana, yayanta, da ma'aikata ta ba shi haƙuri, in sa hannu a take. Ta ce ko za a yanka ta. Taurin kan nan dai ba a wurina ta gado shi ba.

Saura kwana goma sha biyu. Allah ya tsare.

Yayanka

*

'Yar Baba,

Sallama da gaisuwa. Ya hannu? Kar ki bari filasta ta jiƙe, kar kuma ki cusa biro ciki kina susa, na san halinki.

Na ji sharaɗin Baffanki. Sau uku na fara rubuta masa amsa ina yagawa, don kowacce da zagi take ƙarewa, zagi kuwa ba zai fito da takarda daga aljihunsa ba.

Ga abin da na gani. Yaron nan ya cuce ki, ke ma kin fasa masa kai, da sifanar ta sauka ƙasa kaɗan da yanzu ido ɗaya gare shi. Wannan haƙurin kam ya cancance shi. Ki ba shi. Amma kar ki ba kowa haƙurin cin jarrabawa, ko Baffa ya nemi ki haɗa da shi. Na san durƙuso gaban ma'aikata wulaƙanci ne, kuma da gangan ya zaɓi wurin. Ni kullum nan wani yaro da bai kai ni shekaru ba yake kirana da fito kamar kare, in amsa, in je. Ba na so ki kai shekaruna kina amsawa. Minti ɗaya ne a ƙasa, makarantar kuma shekara shida.

Baffa ya tuna min da igiyar shanya. Gaskiya ya faɗa. Na ɗauka gyara ki nake yi. Ina ta jin kamar in sa masa ƙugiya a wuya, alhali ni na fara. Ba zan ce ki yafe min a takarda ba, sai ranar da za ki iya kallon idona ki ce a'a in kin so.

In kin ƙi durƙusawa ba zan tsine miki ba. Amma gurbin zai tafi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Hannu da sauƙi.

Na durƙusa ranar Laraba. Gwiwata ta shiga cikin baƙin mai. Wani makanike ya yi dariya, Baffa ya jefe shi da fulogi. Na ce wa ɗan Baffa ya yi haƙuri da goshinsa, ban ƙara komai ba. Baffa ya jira, ya jira, sannan ya ɗora takardar a kan bonet ya sa hannu.

Litinin Gwaggo za ta raka ni makarantar. A bayan takardar akwai wurin da ɗaliba take rubuta wanda zai zo ɗaukarta in an yi hutu. Na rubuta babu. Malamar da ta karɓi takardar ta ce in sake tunani, na ce na yi.

Ka huta lafiya.

'Yarka