Kwana Uku Ba a Duba Ɗaki Ba

Tibiri, 20 ga Fabrairu 1995

Aminiyata Tasalla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara.

Damaris ta aiko mini da ƙararki. Wai kin shiga duba ɗakunan kwana kin ƙwace mata risho, kin kuma sa ta ɗaga katifa a gaban ƙawayenta. Na yi dariya har babanta ya leƙo daga shago. Haka nake so. Ba don ke ce mai kula da 'yan matan ba, da ban bar ɗiyata ta kwana lakwal, makarantar nan ta Maraɗi, ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Sanƙarau ya ɗauke yara biyu a unguwarmu, ga shi ana cewa za ku shiga yajin aiki. In zo in ɗauke ta?

Ubangiji ya kiyaye mu. Taki,
Alisabatu

Maraɗi, 26 ga Fabrairu 1995

Alisabatu,

Na samu wasiƙarki, muna lafiya. Ke dai da tsoro tun muna yara! Jarrabawa ta matso, kada ki taɓa mini yarinya. Ko an yi yajin, ni kullum da safe sai na bi ɗakunan nan ɗai-ɗai, na ga kowace da idona. Damaris amana ce a hannuna.

Ki gai da maigidanki Ezra.
Tasalla

Jiratawa, 9 ga Afrilu 1995

Alisabatu,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. Yaya jikin Damaris?

Ranar da muka haɗu a asibiti kin tambaye ni yaushe ciwon ya kama ta, na ce da safen nan ne. Ƙarya na yi miki.

Shugabannin ƙungiyarmu sun ce kada kowa ya taka lakwal. Ran Litinin na fito zan tafi, na tarar da abokan aiki a bakin ƙofa. Wani ya ce, "Madam, ke ce za ki sayar da mu?" Kunya ta kama ni, na koma gida. Kwana uku ban duba ɗaki ko ɗaya ba.

Ashe tun ranar take kwance da ciwon kai. Ƙawayenta suka ba ta ƙwayar zazzaɓi suka lulluɓe ta, suna jiran in zo. Ran Alhamis zuciyata ta ƙi kwanciya, na shiga ta ƙofar baya. Na yaye zanen, na tarar wuyanta ya sandare. Ta dube ni ta ce, "Inna, kin daɗe." A kabu-kabu na rungume ta muka nufi asibiti. Likita ya ce sanƙarau ne, kuma da an kawo ta tun Talata, da kunnuwanta sun tsira.

Na ajiye aikin. Ina gidan Baba, ina taya shi ban ruwan albasa. Ba na iya haɗa ido da ɗiyar kowa.

Ba ni da bakin roƙon gafara, amma ina roƙo. Allah ya ba ta lafiya.

Tasalla

Tibiri, 2 ga Mayu 1995

Tasalla,

Na amsa gaisuwarki.

Damaris tana tafiya da ƙafarta yanzu, amma ba ta ji. Jiya a coci ta tashi tana rera waƙa bayan kowa ya zauna. Da allo muke hira. Tun a asibiti ta rubuta mini duk abin nan da kika faɗa a wasiƙarki, ta ce kada in nuna miki na sani. Wata guda ina jiran in ji daga bakinki.

Ina addu'a in yafe miki. Har yau ban iya ba.

Amma ki bar albasar nan ki koma bakin aikinki. An ce wadda aka sa a madadinki ba ta wuce bakin ƙofa, kuma ɗiyan mutane tamanin ne cikin ɗakunan nan.

Kada ki zo Tibiri tukuna. Ki gai da Baba.

Alisabatu