Wane Irin Kamun Ƙaho Nasara Ke Nufi?

Daga Bawa na Maska zuwa ga aminina Malam Garba, mai yi wa Nasara tafinta a Lakwaja. Gaisuwa da yarda da aminci. Bayan haka, fataken Nufe za su kawo maka wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, tsufa ya kama ni yanzu.

Tambaya gare ni. Zuwanka gida na ƙarshe na kai maka kukan ƙanena Sule, wanda muka daina magana saboda iyakar gonar mahaifinmu. Ka ce Nasara na da wata magana: in al'amari ya yi tsauri, a kama bijimi ta ƙaho. Ka tafi ba ka yi mini fassara ba.

Ni kuwa kamun ƙaho ɗaya na sani, na mahauta. A kaɗa kalangu, gari ya taru, namiji ya faɗa tsakanin ƙahonin bijimi, mata na guɗa. Don haka na jira ranar kasuwar Bakori, na tare Sule a rumfar auduga, na zazzage masa abin da ke cikina a gaban jama'a. Ya ɗaure kayansa ya tafi. Damina shida ke nan.

Bana Fulani suka sauka a gonata. Na ga makiyayinsu, Jauro, zai cire wa bijimi ƙaya. Ta gaba ya zo masa, sannu sannu, yana kiran sunansa, har ya dafa ƙahon. Ba kiɗa, ba 'yan kallo sai ni. Jauro ya ce mini, "Baba, mai zuwa ta baya shi ke shan shuri, mai zuwa da ihu shi ke shan tunkuyi."

Garba, wanne Nasaran ke nufi? Suna da mahauta masu hawan ƙaho, ko makiyaya ne a ƙasarsu? Shanunsu ma suna da ƙaho irin na namu? Tun muna gaban Malam ka fi ni gane abin da ke bayan kalma. Ni nakan haddace, kai kakan tambaya. Yanzu da ba ka nan, sai katangar zaure nake yi wa tambaya.

Ba zan iya jiran amsarka ba. An ce Sule na kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Gobe in Allah ya kai mu maƙwabcina zai ɗora ni a jaki. Zan yi sallama a ƙofarsa ni kaɗai, in kira shi Ɗan'auta, kamar yadda Inna ke kiransa. In ya kore ni, na zauna a zauren har ya gaji.

Duk da haka ka aiko da amsar, ina so in sani. Allah ya sa ta same ni da rai, ya sa in sami Sule da sauran magana a bakinsa. Allah ya tsare mini kai a bakin babban ruwan nan na Lakwaja.

Wasalam. Naka tun na allo,
Bawa