Gwangwanin da Na Ƙi Binnewa

Zuwa ga 'yata Hansatu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta ba. Ko kina raye ma da ƙyar ki gane hannuna, rubutun ɗan yaƙi da jahilci, kamar kaza ta bi ta kan laka.

Jiya ubanki ya faɗa rumbu da ka. Na hau in barbaɗa wa wake toka da barkono, tsani ya zame, na yi ta atishawa ƙafafu a sama har innarki ta kira maƙwabta. Duk garinmu Kiyako hodar ƙwari ake zubawa, ni kaɗai nake toka. Suna dariya, ina taya su. To me zan ce?

Ƙawarki Ladi ta haihu, namiji. Kududdufin da ake wanke famfon feshi kuwa, ko kwaɗo ba ya kuka a ciki, kuma shanu nan suke sha.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Gwangwanin da innarki ta zuba miki kunu ki kai mini gona, na maganin feshin auduga ne. Malamin gona ya ce a binne. Wa ke binne abu mai marfi? Na wanke da yashi sau uku, na sansana. Rubutun jikinsa Turanci ne, amma na yi ta gyaɗa kai gaban innarki kamar alƙali, na ce mata gwangwanin mai ne. Kunun nawa ne, Hansatu. Me ya sa kika kurɓa a hanya?

Da aka ga kumfa a bakinki, jiki na karkarwa, aka ce maita. Aka nuna Iya Dije, tsohuwar da ke ba ki gyaɗa ta kan danga. Ni mai bakin da ba ya rufuwa a kasuwa, ran nan ya rufu. Ina tsaye aka kore ta, ta koma Gwaram wajen ƙanwarta.

Shekara shida ke nan. An ce idon Iya Dije ya tafi. Har yau innarki in ta ji sunanta sai ta tofa. Haƙƙin tsohuwar nan na wuyana, kuma hanyar Gwaram ta bakin ɗakin innarki ta fara, don ita zan fara faɗa wa gaskiya. Kullum sai in ce gobe.

Allah Ya kai haske kabarinki.

Ni ne ubanki,
Sale mai wayo