Allurar mai kemis

Talata da dare, Oktoba 2012

Bari in faɗa wa wayar nan, tunda Baban Ummi bai dawo da tasi ba.

Yau ni da maƙwabciyata Maman Hadiza mun je kemis ɗin Takoma, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, sayen madara. Matar da ke ba da magani ta ce in bari ta yi min allurar mura, wai Ummi ta yi ƙanƙanta a yi mata, in na kamu zan shafa mata. Ai allurar mai kemis ɗin unguwarmu ta can gida ce a ɗuwawu ta bar ƙanena Sani yana jan ƙafa har yau.

Maman Hadiza ta ce, "Ke, nan doka ce ta ba su dama, sai sun koyi allurar daban. Da can ba sa yi."

To wa ke duba su? In ƙafata ta mutu, wa zai goya Ummi?

Na dai dubi 'yata, na yi bisimilla, na kama bakin zani ina neman labule. Maman Hadiza ta kwashe da dariya. "Ƙanwata, rufa mana asiri! Hannun riga za ki naɗe."

Ashe a damtse ake yi. Nan take ta yi min.

Da a hannu aka yi wa Sani fa? Gobe sai na koma na tambayi matar. Tun magariba nake zagaya ɗakin nan da Ummi a baya, ƙafafuna biyu lafiya lau.