Tsanin da Kowa Ya San Yana Rawa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, ƙafa ce kawai ta ɗan kumbura, kada ka faɗa wa Inna. Tsanin siton wurin aikinmu ne ya karye da ni. Tun zuwana yake rawa, kullum sai a ce gobe.

Da shugabanmu ya zo, sai ya ce "inevitable". Na tambaya, aka ce wai abin da ba makawa sai ya faru. Ina kwance ina ta tunani: ashe abin da ƙusa biyu za su hana ma ba makawa ne?

Don Allah, Yaya, murfin rijiyar gidanmu da ya tsage, a canza shi yau, ba gobe ba. Allah ya tsare mana yaran.

Ƙanenka